Taswirar da ke riga tsutsa isa gona

Manoma da 'yan kasuwar Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, shirin na yau zai duba wani aiki da masana ke yi a kan kwamfuta, wanda amfaninsa da kuskurensa duk a gonar talaka suke ƙarewa, wato hasashen inda baƙin ƙwari masu ɓarna za su kai tun kafin su kai.

A watan Maris na 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta jihar Kano, wadda aka gina don ta riƙa niƙa tan 1,200 a kowace rana. Ba a daɗe ba injina suka tsaya cik, saboda babu tumatirin da za a zuba musu. Wata 'yar tsutsa da tsawonta bai kai santimita ɗaya ba ta shiga gonaki, tana kutsawa tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci daga ciki, inda feshi ba ya iske ta. Manoma suka raɗa mata suna sharon, masana kuma suna kiran ta Tuta absoluta. A watan Mayu gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, Jigawa na cikin jihohin da abin ya shafa, kuma kwandon tumatir ya yi tsadar da matan gida da yawa suka koma kauɗa da na gwangwani.

A wurin manomi, annoba ce ta faɗo babu sallama. A wurin masu bin sawun ƙwari kuwa, baƙuwa ce da aka shekara goma ana kallon tahowarta. Asalinta daga Kudancin Amurka take, wajen ƙasar Peru. A 2006 aka gan ta a Sifaniya. A 2008 ta sauka Moroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma cikin 'yan shekaru ta ƙetare Sahara, aka same ta a Sudan da Senegal da Nijar. A 2015 Henri Tonnang da abokan aikinsa na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi suka fitar da taswirar da ta nuna yanayin mafi yawan ƙasashen Afirka zai karɓe ta. Wani lissafin da masanan wannan cibiya suka fitar a 2016 ya ce za ta kai Afirka ta Kudu shekara goma bayan ganin ta a Sifaniya, kuma a 2016 ɗin aka tabbatar da ita a can. Ilimin yana nan, ya tsaya ne a mujallun masana da Turanci, bai sauko Kadawa ko kwarin Haɗeja da harshen da mai gona ke ji ba. Abin takaicin ke nan.

To yaya ake zana irin wannan taswira?

Tsohon manomi da ya daɗe yana zaga gonaki, idan ya tsaya a gonar da bai taɓa shiga ba, ya ga ƙasa ta gaji, an shekara da shekaru ana zuba mata dawa babu taki, zai ce a nan ƙuduji zai fito. Ya faɗi haka ne don ya ga ƙuduji a wurare masu yawa, ya kuma lura da abin da wuraren suka yi tarayya a kai. Aikin kwamfutar ke nan, sai dai ita duniya gaba ɗaya take dubawa. Da farko ana tara wuraren da aka tabbatar an ga ƙwaron, kowane wuri da lambobinsa na taswira. Sannan a yanyanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita ɗaya tsawo da faɗi, a rubuta masa halinsa: zafin watan da ya fi zafi, sanyin watan da ya fi sanyi, yawan ruwan shekara, tsawon rani, da sauransu. Ma'ajiyar bayanan yanayi da masana suka fi ɗiba, mai suna WorldClim, tana da irin waɗannan ma'aunai 19. Sai kwamfuta ta gwada halin gidajen da aka ga ƙwaron da halin sauran gidaje, ta ba kowane gida maki tsakanin sifiri da ɗaya. Inda makin ya yi sama a shafa ja, inda ya yi ƙasa a bar shi fari ko shuɗi. Manhajar da ta fi shahara a wannan hanya ita ce MaxEnt, wadda Steven Phillips da abokansa suka bayyana a 2006.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta girmi wannan. Masana a Ostareliya ne suka fito da ita a 1985, suka kira ta CLIMEX. Ita daga jikin ƙwaron take farawa. A ɗakin bincike ake renon sa, a gano zafin da yake fara girma a kai, da wanda ya fi jin daɗi, da wanda ke kashe shi, da irin fari ko danshin da ba ya jurewa. Sai a bi taswira mako-mako ana tambaya, a wannan wuri, mako nawa a shekara zai iya hayayyafa, mako nawa zai sha wuya? Sakamakon maki ne daga sifiri zuwa 100.

Masani mai gaskiya ba ya yarda da taswirarsa sai ya jarraba ta. Yakan ɓoye wani kaso na wuraren da aka ga ƙwaron, ya gina lissafin da sauran, sannan ya duba ko lissafin ya cafko waɗanda aka ɓoye. Idan bai cafko ba, aiki ya koma farko.

Tsutsar masara ce ta ba wannan sana'a babbar jarrabawarta. Ita ma 'yar nahiyar Amurka ce. A watan Janairun 2016 aka fara ganin ta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, kuma Georg Goergen da abokansa na cibiyar binciken noma ta IITA ne suka tabbatar da ita. Cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen kudu da Sahara. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare, wadda idan iska ta taimaka mata takan ci kilomita 100 kafin gari ya waye, kuma mace ɗaya takan zuba ƙwai fiye da 1,000. A 2017 cibiyar CABI ta ƙiyasta cewa idan aka ƙyale ta, ƙasashen Afirka 12 kaɗai za su iya asarar masara tan miliyan 8.3 zuwa miliyan 20.6 a kowace shekara. A 2018 Regan Early ta Jami'ar Exeter da ke Ingila, tare da masanan CABI, suka haɗa taswirar yanayi da hanyoyin jirage da fatauci, suka yi gargaɗin cewa Indiya da Sin da Tailan da Indonesiya da Ostareliya suna cikin haɗari. A wannan shekarar aka same ta a Indiya, a Janairun 2019 ta shiga Sin, a farkon 2020 ta sauka Ostareliya. Waɗanda suka saurari gargaɗin sun sami 'yan watanni na girka tarkuna da horar da malaman gona kafin ta iso.

Yanzu a dawo gida. Me irin wannan lissafi ke faɗa game da ƙasar Gumel?

Ƙasa ce ta jigawa, mai rairayi, ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kuma kusan duk tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Tsutsar masara tana da wani rauni da ya kamata kowane manomi ya sani: ba ta iya kwanciya cikin ƙasa ta yi dogon barci ta jira damina, kamar yadda murzuna mai cin kan gero ke yi. Dole ta sami ɗanyen ganye duk shekara, in ba haka ba zuriyarta ta yanke. Sanyin hunturun nan yana rage mata sauri ne kawai, bai kai ya kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne yunwa, daga lokacin da aka kwashe kara har saukar ruwa. Don haka lissafin da aka gina a kan ruwan sama kaɗai yakan nuna irin su Gagarawa da Sule Tankarkar a matsayin wurin da take zuwa cin damina, ba mazauninta na dindindin ba. Tana tahowa ne daga kudu, a kan iskar da ke kawo hadari, ta sami masara da dawa suna ƙanana. Masara ta fi so, sai dawa, gero ma ba ya tsira gaba ɗaya.

Wannan tafiya a kan iska ba sabon abu ba ne a nan. Dattawan da suka ga zamanin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ke tsayawa a tashar Gagarawa yana lodin gyaɗa ba su manta da 1975 ba, shekarar da darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a arewa, ta lalata kimanin hekta 700,000. Fari ya riga ya raunana noman, wannan cuta ta ƙarasa shi, kuma dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. Darɓar ma a kan ɗanyen tsiro take ƙetare rani, iska ta ɗebe ta zuwa sabuwar shuka.

A nan ne taswira ta fara samun giɓi. Ranin da lissafi ya dogara da shi ba shi ne ranin yau ba. A kwarin Haɗeja, wajen Auyo da Kafin Hausa, ana noman shinkafa da alkama da masara da tumatir da kayan lambu cikin rani, kuma daga can zuwa Gagarawa bai kai tashin dare ɗaya na wannan malam-buɗe-littafi ba. Ga rijiyoyin burtsatse da famfunan sola da ke ƙaruwa a ƙauyuka, kowanne da ɗan lambunsa. Noman rani alheri ne, ya riƙe samari da yawa a gida maimakon tafiya cin rani, babu mai hankalin da zai ce a bar shi. Amma duk fegin masara ɗanya a watan Maris abinci ne ga tsutsar da a da yunwa ke gamawa da ita. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda masanan icipe na cikin masu shi, ya sake lissafin CLIMEX sau biyu, da ban-ruwa da kuma babu shi, sai ya ga wuraren da tsutsar za ta iya zama duk shekara sun faɗaɗa zuwa busassun yankuna da zarar an sa ban-ruwa. Ga sharon ma haka abin yake: mace tana zuba ƙwai har 260, tana iya hayayyafa sau goma zuwa sha biyu a shekara, kuma idan babu tumatir takan lallaɓa ta zauna a kan gauta da dankalin Turawa da 'yan uwansu na daji. Gonar tumatir da aka gama tsinka aka bar ta tsaye, makwanci aka bar mata.

Giɓi na biyu ya fi wannan girma, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san shi. Motoci daga Damagaram da Magarya, tireloli masu gangarawa Legas da Fatakwal, buhunan riɗi da wake da zoɓo, kwanduna da ake juye kaya a mayar da su wata gona. Taswirar yanayi tana faɗin inda ƙwaro zai iya rayuwa. Ba ta san wace mota zai hau ba, ba ta kuma san ranar ba. Sharon ba da fiffikenta kaɗai ta ƙetare teku da hamada ba, a cikin tumatir da dashe da akwatunan kaya ta yi yawancin tafiyar.

Kuma hanyar nan biyu ce, akwai shiga akwai fita. Jigawa ce kan gaba wajen noman zoɓo a Najeriya, kuma Mekziko ce babbar mai saye. Shekarun baya jami'an Mekziko suka riƙa samun wani ɗan ƙwaron rumbu mai suna kafra a cikin kwantenonin zoɓon Najeriya, aka dakatar da cinikin na tsawon shekaru. Me ya sa ƙasa guda za ta rufe ƙofa saboda ƙwaron da bai wuce milimita uku ba? Saboda sun san halinsa: yana son wuri mai zafi busasshe, tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagar bango ko ɗinkin buhu ta yi shekaru ba ta ci ba, kuma suna da yankuna masu irin wannan yanayi. Maƙwabciyarsu Amurka ta ɗanɗana a 1953 da aka same shi a Kalifoniya, ta kashe miliyoyin daloli da shekaru fiye da goma kafin ta kawar da shi. Ma'ana, taswirar haɗari da aka zana a wata nahiya ita ce ta taɓa farashin zoɓon da wata baiwar Allah ta ɓare da hannunta a ƙauyen Gagarawa. Dalilin da ya sa a yau hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, ke tilasta a turara zoɓo da magani kafin ya fita ke nan, kuma dalilin da ya sa tsohon buhu da rumbun da ba a share ba suka zama maganar kuɗi.

Giɓi na uku shi ne wanda ya fi damun shirin nan, don shi ne wanda mutanen yankin ke da iko a kansa. Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta. Babbar ma'ajiyar bayanan halittu ta duniya, GBIF, mai hedikwata a Danmak, cike take da rahotanni daga Turai da Arewacin Amurka, inda masu bincike da masu ɗaukar hoto suka yi yawa. Daga yankin Sahel kaɗan ne. A Najeriya ma rahoto ya fi fitowa daga kusa da jami'o'i da cibiyoyin bincike da bakin kwalta. Alƙaluman yanayin kuma daga tsofaffin tashoshi masu nisa da juna ake ɗebo su, irin na Kano da Nguru da Damagaram, a ƙiyasta abin da ke tsakani. Idan babu wanda ya taɓa rubuta cewa an ga tsutsa a Sule Tankarkar, lissafi zai iya ɗauka wurin bai dace da ita ba, ya bar shi fari. Jami'in da ke rabon tarkuna da magani a Dutse ko Abuja kuwa ja yake bi. Farin wuri a taswira wani lokaci lafiya yake nufi, wani lokaci kuma shiru ne kawai na wurin da ba a je ba.

Masu yaƙi da farar dango sun daɗe da gane wannan. Ofishin hukumar abinci ta duniya, FAO, da ke Roma yana fitar da hasashen fara kowane wata, yana haɗa hotunan tauraron ɗan'adam na ruwa da tsiro da rahoton ma'aikatan da ke shiga hamadar Tamesna da duwatsun Ayar da ƙafarsu. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana irin wannan aiki ga ƙasashen Sahel. Farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a Nijar a 2005 sun nuna abin da ke faruwa idan gargaɗi ya fito amma kuɗin aiki ya makara.

Don a sami irin waɗannan idanu a gonar masara ne FAO ta fitar da manhajar waya mai suna FAMEWS a 2018. Hanyar dubawar ba ta da wuya, kuma ba sai da waya ba. Daga lokacin da shuka ta fito, sau ɗaya ko biyu a mako, mai gona ya ratsa gonarsa a karkace, ya kauce wa bakin iyaka, ya tsaya wuri biyar, a kowane wuri ya duba shuka goma. Ya leƙa tsakiyar shuka inda sabon ganye ke fitowa, ya nemi ganye mai huji-huji da ɗanyen kashin tsutsa. Babbar tsutsar tana da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i kusa da wutsiya. Idan shuka tana ƙarama kuma kimanin goma cikin hamsin ɗin sun kamu, lokacin ɗaukar mataki ya yi, da sassafe ko da yamma, tun tsutsar ba ta girma ta nutse ciki ba. Wannan ƙidaya, idan ta isa hannun malamin gona na JARDA, hukumar aikin gona ta Jigawa, tare da sunan ƙauye da kwanan wata, ita ce ɗigon da taswira ke nema. Wajibi ne kuma a kan hukuma ta mayar da amsa, ta rediyo da Hausa, kamar yadda ake sanar da hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet. Manomin da ya kai rahoto sau biyu bai ji komai ba, ba zai kai na uku ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ƙidayar tana hana wata ɓarnar ma. Wanda bai san ko ƙwaro ya zo ba, tsoro kan sa ya yi ta feshi, ya ƙona kuɗinsa, ya kashe ƙwarin da ke taya shi yaƙi. A Nijar an gano wani mitsitsin zanzaro mai suna Telenomus remus yana zuba ƙwansa cikin ƙwan tsutsar masara tun ba wanda ya kawo shi. A Maraɗi kuma, Ibrahim Baoua da masanan cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, sun shekara da shekaru suna raba wa ƙauyuka 'yan jakunkunan algarara masu ɗauke da wani zanzaron da ke kashe murzuna. Feshin makanta ba ya bambance waɗannan da abokan gaba. Kuma masu wake ba su manta ba cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

Akwai wani baƙon da ya kamata Jigawa ta sa wa ido tun yanzu, ganin yadda ake ƙarfafa dashen dabino kuma cibiyar binciken dabino ta NIFOR tana Dutse. Jan ƙwaron dabino ne, ɗan asalin kudancin Asiya, wanda tsutsarsa ke cin cikin kututture, bishiya tana tsaye kamar lafiya har ranar da kanta zai karye. Ya shiga Masar a 1992 cikin dashen da aka shigo da shi daga ƙasashen Larabawa na gaɓar Tekun Fasha, ya bi arewacin Afirka, a 2015 aka same shi a Tijikja ta Muritaniya, inda saurin rahoton masu lambu da hana fitar da dashe suka taimaka aka tsare shi. Doguwar tafiyarsa kusan duk a cikin dashe yake yin ta. Duk mai niyyar sayen dashen dabino daga wajen ƙasa, komai kyan irin, ya nemi takardar jami'an killace kayan gona kafin ya sauke shi a lambunsa, kuma wanda ya ga huji a gindin dabino yana tsiyayar da ruwa mai wari ya sanar da malamin gona a ranar.